Al-Biruni da littattafan Sanskirit: ilimi ya nema ko aikin sarki ya yi?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Kullum in an ambaci Al-Biruni a gidan nan maganar taurari ake da auna faɗin duniya, amma ni ɓangaren rayuwarsa da yafi tsaya min a rai shine yadda mutum yana da shekara 44, ya riga ya zama babban malami, ya koma ɗalibi ya zauna gaban malaman Hindu yana koyon Sanskirit tun daga baƙaƙe. Abu Raihan Muhammad bin Ahmad sunansa, an haifeshi 973 a garin Kas na ƙasar Khuwarizm, yankin yana cikin Uzbakistan yanzu har garin ma sunansa aka saka masa. A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasarsu da yaƙi ya kwashe malamai ya tafi dasu Gazna a Afganistan ta yau, to daga nan ƙofar Indiya ta buɗe masa. Wajen 1030 ya gama littafinsa Tahƙiƙu ma lil Hind, babi 80, ya tattara addininsu da falsafarsu da nahawu da waƙa da lissafi da dokokin aure da gado. Ya fassara littafin Fatanjali na yoga zuwa Larabci, ya fassara wani na falsafar Sankiya. Abin da nake so mu tattauna, me yasa mu bamu san wannan ɓangaren ba, kuma wannan aikin nasa abin koyi ne ko kuwa.

Abu Hanif: Wa alaikumussalam Malam. Ni gaskiya tun kafin a yi nisa bari in faɗi nawa. Meye amfanin musulmi ya ɓata shekara goma sha yana karatun littattafan masu bautar gumaka? Lissafi da likitanci na yarda, amma aƙidarsu fa? Ai Annabi SAW da ya ga takardar Attaura a hannun Sayyidina Umar bai ji daɗi ba, ballantana littafin da ba ma na ahlul kitabi ba.

Ummi 'yar Zariya: Dan Allah tambaya kafin ku shiga ciki, Sanskirit ɗin nan shine yaren da muke ji a finafinan Indiya?

Nura na Indiya: A'a Anti Ummi, na fim mafi yawa Hindi ne, na kudu kuma Tamil da Telugu da sauransu. Sanskirit tsohon harshen ilimi ne da ibada, dashi aka rubuta littattafan addinin Hindu irin su Beda da Gita da manyan littattafan falsafa, Hindi ta ɗebi kalmomi masu yawa daga gareshi amma mai jin Hindi bazai ɗauki littafin Sanskirit ya gane ba sai ya je makaranta. Ni karatun harhaɗa magunguna nake a nan, kuma har yanzu ana koyar dashi a makarantu, yana cikin harsuna 22 da tsarin mulkinsu ya lissafa. In kinga wurin ɗaurin aure a fim malamin nan yana zaune gaban wuta yana jan wasu kalmomi, to wannan shine Sanskirit.

Ummi 'yar Zariya: Oh to na gane, nagode ƙanina.

Malam Sani: Abu Hanif tambayarka mai kyau ce kuma shi kansa Biruni kamar ya san za a yi ta, shi yasa a gabatarwar littafin ya fito fili yace wannan ba littafin jayayya da raddi bane, hikaya ce, zai kawo maganar mutanen yadda take. Kuma ya faɗi dalilin rubutun, wani malami ne mai suna Abu Sahl ya zauna dashi suna kukan yadda littattafan da ake rubutawa kan addinan wasu suke cike da ƙarya da jita-jita, kowa yana kwafo daga na gabansa ba tare da ya bincika ba, sai ya roƙeshi ya rubuta abin da ya sani game da Hindu don ya zama taimako ga mai son tattaunawa dasu da mai son cuɗanya dasu. Har ya kawo ayar da ke umarni da tsayawa kan gaskiya koda akan kanku ne. Kaga kenan mutumin ba wai ya ruɗu da addininsu bane, wurare da yawa yana cewa wannan maganar tasu wauta ce, amma sai ya gama kawota daidai tukuna.

Maman Khairat: Ƙari akan haka, ai Manzon Allah SAW da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Kuma malamai irin su Ibn Hazm da Shahrastani sun rubuta manyan littattafai akan addinai da ƙungiyoyi, ba wanda ya kafirtasu don haka. Ƙa'ida ce sananniya mai hakaito kafirci ba kafiri bane. Ba cewa ake kowane ɗan sakandare ya je ya ɗauko Gita ba, amma al'umma ace babu ko mutum ɗaya da ya san me maƙwabta suka yarda dashi daga bakinsu, wannan rauni ne ba tsoron Allah ba.

Abu Hanif: Hajiya Zaidu wasiƙu aka ce ya karanta, ba aƙida ba. Akwai bambanci.

Ɗan Damagaram: Ni matsalata daban ce da ta Abu Hanif. Ku duba wa ya kai shi Indiya. Mahmud ne, mutumin da ya yi ta kai hari ƙasar shekara da shekaru yana kwasar dukiya da bayi, shi ya rusa ɗakin bautar Somnat wajen 1026. To malamin da ke cin abincin fadar wannan sarki yana rubuta yadda mutanen suke tunani da hanyoyin garuruwansu da nisan da ke tsakani, wannan ba rahoton leƙen asiri bane? Mu da muka ga yadda Faransawa da Ingilishi suka fara turo masu koyon Hausa da rubuta al'adu kafin bindiga ta iso ai bai kamata a yi mana wannan dabarar sau biyu ba.

Malam Sani: Wannan itace tambayar da tafi nauyi wallahi, kuma bazan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin ba don takobin Mahmud ba da Biruni bai samu shiga Fanjab ba, kuma akwai yiwuwar wasu daga cikin masanan da ya yi karatu a wajensu yaƙin ne ya kawosu Gazna ba da son ransu ba. Amma ka duba abu uku. Na farko shi kansa ba da ƙafarsa ya zo fadar ba, an ci ƙasarsu ne aka taho dashi, kuma a cikin littafin yana kukan cewa bashi da 'yancin zuwa inda yake so. Sannan littafin bai sadaukar dashi ga Mahmud ba, sai bayan mutuwar sarkin a 1030 ya kammala, alhali babban littafinsa na taurari ɗan Mahmud wato Mas'ud ya sadaukar wa har ya sa masa suna Ƙanunul Mas'udi. Na uku kuma shine wanda yafi, karanta abin da ya rubuta a babin farko, yace Mahmud ya rusa arzikin ƙasar gaba ɗaya har Hindu suka zama kamar ƙura da aka watsa ko'ina, kuma ragowarsu suna riƙe da matsananciyar ƙiyayya ga musulmi, yace wannan ne yasa iliminsu ya gudu daga wuraren da muka ci ya koma inda hannunmu bai kai ba kamar Kashmir da Banaras. Ɗan leƙen asiri baya rubuta wa gidan sarauta irin wannan. Kuma mafi yawan babukan akan lissafin zamani ne da taurari da ma'aunin waƙa, wane janar ne zai ci gari da arulin Sanskirit.

Ɗan Damagaram: Na ji, amma dai ka yarda ilimin ya biyo bayan jini ne.

Malam Sani: Na yarda ɗari bisa ɗari. Abin da nake cewa shi bai ɓoye jinin ba.

Baban Sadik: Ni malamin lissafi ne bari in shigo ta inda na sani. Abin da ke burgeni da mutumin nan yadda yake yiwa malaman Indiya hisabi kamar abokan aikinsa, ba kamar wasu halittu na daban ba. Akwai Barahmagufta wanda ya rubuta babban littafin taurari a 628, shine ma na farko da ya tsara ƙa'idojin lissafi da sifiri. Biruni yana girmamashi sosai, amma da aka zo maganar husufi sai ya kama shi. A tatsuniyar addininsu wani kai ne mai suna Rahu yake haɗiye rana ko wata, kamar dai yadda muna yara ake cewa rana ta kama wata mu fito muna kaɗa gwangwani. Masana taurarinsu sun daɗe da sanin inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata, kuma wata ne ke tare rana, da haka suke lissafa ranar da za a yi husufin. Amma Barahmagufta a farkon littafinsa ya zagi masu cewa ba Rahu bane, yace sun saɓa wa littattafai masu tsarki, sannan a gaba shi da kansa ya zauna ya yi lissafin da inuwa. Biruni yace masa to kai me yasa kake umartar mutane da abin da ka manta da kanka, sannan ya nema masa uzuri, yace wataƙila tsoron malaman addini ne ya matsa masa irin abin da ya samu Suƙuratu a Girka, ko kuma ƙuruciya ce tunda yana ɗan shekara 30 ya rubuta. Wannan fa mutum ne da ya mutu kusan shekara 300 kafin a haifi Biruni, ba addininsu ɗaya ba, amma ya ɗaukeshi da muhimmancin da zai yi masa faɗa ya kuma ji tausayinsa.

Nura na Indiya: Har yau ana maganar Rahu ɗin nan fa Baba, akwai wani lokaci a kowace rana da wasu basa fara sabon abu a cikinsa saboda shi, kalandarsu ma tana nunawa.

Maman Khairat: Malam Sani dan Allah koma kan falsafar, shi littafin Fatanjali me ke cikinsa? Domin mu in ance yoga motsa jiki muke gani a waya, mata da tabarmar roba.

Malam Sani: Hajiya motsa jikin ɗan ƙaramin yanki ne. Asalin littafin gajerun jimloli ne kusan 195 a babi huɗu, kuma batunsa yadda za a tsayar da kai-komon zuciya har rai ya kuɓuta. Ya jera matakai takwas, farko kamewa daga cutar da kowane mai rai da ƙarya da sata da sha'awa da tara abin duniya, sai tsarki da wadatar zuci da karatu, sai zama, sai sarrafa numfashi, sai janye gaɓoɓi daga abin da ke jansu, sai tattara hankali wuri ɗaya, sai zurfafa tunani, sai matakin ƙarshe inda mai tunani yake nutsewa cikin abin da yake tunani. Kinga zaman mataki ɗaya ne cikin takwas. Biruni da ya zo fassarawa bai bi jimla jimla ba, ya haɗa matanin da sharhin da aka karanta masa ya maidashi tambaya da amsa don balarabe ya iya bi, ya kirashi Kitabu Batanjal. Ita kuma Sankiya itace ƙashin bayan yogar, tana cewa abu biyu ne asali, rai mai sani amma baya aikata komai, da kuma ɗabi'a mai aiki amma bata da sani, duk abin da ke akwai sun ƙirgashi 25. Biruni ya kawo misalin da suke bayarwa, ayari ne 'yan fashi suka tarwatsa aka bar mutum biyu, makaho da gurgu, sai makahon ya goyi gurgun, wannan yana nuna hanya wancan yana tafiya, da suka fita daga dajin suka rabu. Gurgun shine rai, makahon jiki, rabuwar kuma itace kuɓuta a wajensu. Fassarar Sankiyar ta ɓata sai abin da ya ciro a cikin littafin Indiya. Ta Fatanjalin ma an ɗauka ta tafi sai a 1922 wani Bafaranshe Massignon ya gano kwafinta a wani ɗakin karatu a Istanbul, Bajamushe Ritter ya bugata a 1956.

Abu Hanif: To kun gani ko. Rai yana yawo daga jiki zuwa jiki, babu hisabi babu tashin ƙiyama. Wannan shine abin da za a zauna a fassara wa musulmi?

Malam Sani: Shi ma ai bai rufe wannan ba ɗan'uwa, babi guda ya ware masa. Cewa yayi kamar yadda kalmar shahada take alamar musulunci, Triniti alamar kiristanci, Asabar alamar yahudanci, to yawon rai daga jiki zuwa jiki shine alamar addinin Hindu, wanda bai yarda dashi ba baya cikinsu. Mai wa'azin da zai je wajen mutanen nan bai san wannan ba da me zai fara?

Hafiz Kabiru: Ina ta karantawa tun ɗazu, ni a jami'a ɓangaren addinai nake kuma akwai abin da masu bincike ke tuhumar Biruni dashi wanda ba a ambata ba, kuma kishiyar tsoron Abu Hanif ne. Ba wai Hindu sun rinjayeshi ba, shine ya musuluntar da maganarsu. A babi na biyu yace masu ilimin cikinsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne, marar farko marar ƙarshe, mai iko mai hikima, babu abin da yayi kama dashi, a wani babi na gaba kuma yace gumaka na jahilan gari ne waɗanda basa iya kama abu sai sun ganshi. A fassararsa inda suka ce Ishwara sai ya sa Allah, allolinsu da ake kira dewa sai ya sa mala'iku. To in ka karanta a haka sai kaga kamar wani littafin sufaye kake karantawa, kuma shi da kansa yana ta kwatantasu da sufaye da Girkawa irin su Aflaɗon. Tambayar itace, Birahmanin da ya karanta masa, wato malamin addinin Hindu, zai gane addininsa a wannan Larabcin? Domin rabuwar da ya yi ta masana masu tauhidi da talakawa masu gunki tafi kama da yadda masana falsafar musulunci ke raba khassa da amma, wato keɓantattu da gama-gari. Manyan malamansu da yawa suna zuwa ɗakin bauta suna yiwa gunki hidima kuma basa ganin hakan ya ci karo da iliminsu.

Malam Sani: Hafiz wannan suka ce mai ƙarfi kuma ina ganin rabinta daidai ne. Amma ka sa kanka a wurinsa, shekara dubu da suka wuce, babu ƙamus na Sanskirit da Larabci ko ɗaya, masu karatunka basu taɓa jin waɗannan ra'ayoyin ba, dole ka ɗauko kalmar da suka sani ka ɗora. Kuma a littafin Indiya yana yawan kawo kalmar Sanskirit ɗin da kanta da haruffan Larabci sannan ya bayyanata, har yana kukan cewa akwai sautukan da haruffanmu basa iya ɗauka sai ya ƙirƙiro ɗigo da alamomi. Sannan maganar Ubangiji ɗaya ba daga aljihunsa ya ciro ba, ya jingina da Fatanjali da Gita. Inda nake tare da kai shine ya zaɓi ɓangaren da yafi kusa da hankalinsa ya kirashi na masana, sauran ya tura wa jahilai.

Hafiz Kabiru: Kuma akwai maganar ko ya iya Sanskirit ɗin sosai. Masu duba rubutunsa sun nuna ya dogara da masana suna karanta masa suna fassarawa, yadda yake rubuta wasu kalmomin ma yafi kama da lafazin yaren yankin da ya zauna. Bai taɓa zuwa Banaras ko Kashmir ba inda manyan makarantun suke, iyakarsa Fanjab da kewaye, su Fishawar da Multan da Siyalkot da ganuwar Nandana.

Malam Sani: Haka ne, shi ya lissafa garuruwan da kansa yace bai wuce nan ba. Bai kuma ambaci sunayen malaman nasa ba. Amma wanda ya iya gane cewa mai kwafe ya yi kuskure a baiti, ya kwatanta kwafi da kwafi, ya bi lissafin da ke cikin waƙa ya gano lambar da ta lalace, wannan ya wuce ɗan yawon buɗe ido. Ku tuna littattafan iliminsu kusan duk a waƙe suke, har lissafi, don a haddace, kuma yace hakan na sa marubuci ya cusa kalmomin da ba a buƙata don ma'auni ya cika, abu ɗaya kuma sunaye barkatai kamar yadda Larabci yake. Ya faɗi yadda ya sha wahalar neman littattafai, yana kashe kuɗi yana aikawa wurare masu nisa. Yace da farko a gaban masana taurarinsu ɗalibi yake, da ya fara gane harshen ya nuna musu hujjojin da lissafin ya ginu akai sai suka riƙa taruwa suna tambayarsa wane malamin Hindu ne ya koya masa, har suna ɗaukarsa kamar matsafi suna kiransa teku.

Baban Sadik: A Nandana ɗin nan ne fa ya hau dutse ya auna kusurwar da sararin sama ke haɗuwa da ƙasa, ya haɗa da tsayin dutsen ya fitar da nisan tsakiyar duniya zuwa bayanta, in aka juya zuwa ma'aunin yau wajen kilomita 6,340, na yanzu kuma 6,371. Wurin yana Pakistan.

Ummi 'yar Zariya: Su kuma Birahmanawan sun yarda sun koya masa haka kawai? Naji ance basa ko cin abinci da bare.

Malam Sani: Nan ne ya sha wuya Anti. Yace duk baƙo suna kiransa maleca wato marar tsarki, basa zama dashi basa ci basa sha, abin da ya taɓa ya ƙazantu. Beda kuwa ko rubutata basa so a yi, baki da baki ake ɗauka, Birahmani ke koyarwa, kuma ya kawo cewa ɗan ajin ƙasa in aka kamashi yana karantata ana iya yanke masa harshe. Ya bayyana azuzuwa huɗu da Hindu ke kasa mutane a ciki tun daga haihuwa, Birahmanawa a sama, da waɗanda ke ƙasa dasu ma, sannan yace mu musulmi mun ɗauki mutane daidai suke sai da taƙawa, kuma wannan shine babban shingen da ke tsakaninsu da musulunci. Ya kuma zargesu da girman kai, yace suna ganin babu ƙasa sai tasu babu ilimi sai nasu, da suna tafiye-tafiye suna cuɗanya da mutane da sun canza, kuma magabatansu basu kai su ƙunci ba. Amma ko a nan da ya gama lissafa al'adunsu da yake ganin baƙi ne sai ya juyo ya tuna wa mai karatu abin da Larabawan jahiliyya suke yi, don kar wani ya ɗaga hanci.

Nura na Indiya: Maganar aji har yanzu tana nan duk da tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum. Akwai wani da muke karatu tare da sai da muka shaƙu sosai ya faɗa min asalin gidansu, kuma a hankali ya faɗa kar na kusa su ji.

Maman Khairat: Ni abin da ya ban mamaki da nake bincike, ashe Kalila wa Dimna da ake karantawa a makarantunmu na Larabci asalinsa Sanskirit ne.

Malam Sani: Ƙwarai Hajiya, Fancatantara sunansa. An kaishi Farisa a ƙarni na 6 zamanin Kisra Anushirwan, Ibnul Muƙaffa ya juyashi Larabci wajen 750. Biruni ya ambaceshi, yace yana burin ina ma ya fassarashi daga tushe domin bai aminta da masu fassarar ba, har ya zargi Ibnul Muƙaffa da cusa babin Barzawaihi don ya jefa shakka a zukatan masu raunin imani. Abu Hanif ka lura da wannan, mutumin da kake tsoron zai shigo da ɓata shine yake gadin ƙofar.

Abu Hanif: Na lura. Ban ce shi ɓatacce bane, Allah ya jiƙansa. Abin da nake cewa ba kowa ne Biruni ba, shi ya ƙoshi da nasa kafin ya je na wasu. Yaranmu yanzu basu gama Ahalari ba suna kallon bidiyon yoga da maganar kuzarin sararin samaniya suna maimaitawa basu san daga ina ta fito ba.

Hafiz Kabiru: To ai wannan hujja ce akanka ɗan'uwa. Basu san daga ina ta fito ba saboda babu wanda ya karanta tushen ya bayyana musu da Hausa. Da akwai mutum biyar a Arewa da suka san Fatanjali yadda Biruni ya sanshi da sun ce musu wannan motsa jiki ne, wannan kuma aƙida ce, ga inda suka rabu.

Ɗan Damagaram: Wai shi da wane harshe ya tashi? Naga Iraniyawa na cewa nasu ne, Uzbakawa na cewa nasu ne.

Malam Sani: Harshen Khuwarizm, dangin Farisanci ne amma daban, ya mutu tuntuni. Larabci da Farisanci duk koyonsu yayi. A littafinsa na ƙarshe akan magunguna yace ilimi in aka rubutashi da harshensu zai zama baƙo kamar raƙumi akan indararo, kuma yace a zageshi da Larabci yafi masa a yabeshi da Farisanci. A nan kam ban bi shi ba, harshe baya gaza ɗaukar ilimi sai in masu shi basu ɗora masa ba, kuma Farisancin da ya raina shine daga baya ya ɗauki wannan aikin, zamanin Sarki Akbar na Indiya aka fassara Mahabarata, babbar waƙar labarin yaƙi ta Hindu, dashi, Yarima Dara Shiko ya fassara littattafan falsafar addininsu da ake kira Ufanishad wajen guda 50 a 1657, shekara biyu bayan nan ɗan'uwansa Aurangzeb ya sa aka kasheshi.

Maman Khairat: Kenan bayan Biruni sai da aka yi shekara 500 kafin wani ya ɗora?

Malam Sani: A irin zurfin nan kusan haka ne. Littafin bai samu masu karatu da yawa ba a zamaninsa, kwafinsa kaɗan ne suka tsira, sai da Bajamushe Sachau ya buga Larabcin a 1887 da fassarar Ingilishi a 1888 sannan duniya ta waiwayeshi. Yau masana tarihin Indiya da kansu suna komawa gareshi don sanin yadda ƙasarsu take a ƙarni na 11. Rasuwarsa a Gazna ne, an fi cewa 1048 wasu kuma suna kaiwa bayan 1050.

Ummi 'yar Zariya: In mutum yana so ya fara karantawa fa, babi 80 ai da yawa.

Hafiz Kabiru: Fara da gabatarwa da babi na 1, sai na 2 akan Ubangiji, na 5 akan yawon rai, na 9 akan azuzuwan mutane. Na tsakiya lissafin zamani ne mai nauyi, wannan sai su Baban Sadik. Larabcin nasa yana da tsauri, in kina da malami ku bi tare.

Abu Hanif: Hafiz in zaku karanta babi na 2 ɗin a sanar dani, ina so in ga Larabcin da idona inda yace sun yarda Ubangiji ɗaya ne, domin har yanzu ban gamsu ba cewa ba shi ya gyara musu maganar ba.

Hafiz Kabiru: Zan ɗauko shafin in saka a nan bayan Isha, tare da wurin da ya ciro daga Fatanjali, sai mu jera su mu gani.